Yadda Ake Sa Zanen Excel Ya Ɗauki Iyakokin Ma'auninsa Daga Gurbin Lissafi

Duk wanda ya saba zana farashin kaya a Excel ya san wannan ɓacin rai: ka shigar da farashin buhun masara na makonni da yawa, ka fitar da zanen layi, sai ka tarar ma'aunin tsaye ya fara daga sifili, layin farashin ya maƙale can sama kamar igiyar shanya, hawa da saukar da kake son nunawa duk sun dushe. Idan ka buɗe Format Axis ka rubuta iyakar ƙasa da ta sama da hannunka, zanen zai yi kyau a ranar, amma da zarar farashi ya zarce iyakar da ka rubuta sai layin ya fice daga zanen ba tare da wani gargaɗi ba. Abin da kowa yake fara gwadawa shi ne ya rubuta =E2 a akwatin Minimum, Excel kuwa ba ya karɓa, domin akwatunan nan lamba tsurarta suke ɗauka. Ana iya ɗaure taken zane da gurbi, amma ba a iya ɗaure iyakar ma'auni ta wannan hanya. Mafita ita ce a rubuta ɗan gajeren makiro, wato jerin umarnin da Excel yake aiwatarwa da kansa, wanda zai riƙa karanta gurbin yana miƙa wa zanen lambar da ya gani.

Yana da kyau ka san dalilin da ya sa Excel yake sauya ra'ayi idan aka bar masa zaɓi. A zanen layi, yana fara ma'auni daga sifili muddin tazarar da ke tsakanin babbar lamba da ƙarama ta wuce kashi 16.67 cikin ɗari na babbar, wato kashi ɗaya cikin shida. A ɗauka farashi mafi ƙasa naira 52,000 ne, mafi sama 68,500. Ma'auni zai fara daga sifili. Idan ka cire tsofaffin makonni har mafi ƙasa ya koma 58,000, sai ma'aunin ya yi tsalle ya bar sifili, zanen da ka aika wa abokin ciniki makon jiya da na wannan makon su daina kama da juna alhali kasuwa ba ta yi wani motsi na a-zo-a-gani ba.

Abubuwan da za ka tanada

- Kwamfuta mai Excel da aka girka a cikinta, na Windows ko na Mac. Excel na waya da na cikin burauza suna buɗe fayil mai makiro amma ba sa gudanar da VBA, wato harshen da ake rubuta makiro da shi, saboda haka ba za su yi wannan aiki ba.
- Fayil mai bayanai. A misalinmu sunan shafin Farashi, ranakun mako suna layin A daga A2 zuwa A53, farashi yana layin B daga B2 zuwa B53, irin ajiyar da mai bibiyar hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano zai yi ta shekara guda.
- Zanen layi da aka riga aka fitar daga waɗannan bayanai, yana zaune a kan shafin.
- Gurabe uku da babu komai a ciki, E2 da E3 da E4.
- Kwafin fayil ɗin a ajiye a wani wuri kafin ka taɓa komai, domin Ctrl+Z ba ya warware abin da makiro ya aikata.

Mataki na 1: Adana fayil ɗin a sigar da ke riƙe makiro

Ka je File, sannan Save As, ka zaɓi Excel Macro-Enabled Workbook, wanda sunansa yake ƙarewa da .xlsm. Na sa wannan a farko da gangan, domin masu koyo da yawa sukan gama rubuta makiro, su adana a .xlsx, Excel ya yi musu tambaya da Turanci su danna Yes cikin gaggawa, washegari su buɗe su tarar umarnin ya tafi.

Mataki na 2: Shirya guraben iyaka

A D2 ka rubuta "Iyakar ƙasa", a D3 "Iyakar sama", a D4 "Tazara". A E4 ka sa 5000, wato nisan da kake so tsakanin layukan ma'auni. E2 da E3 kuwa kana da zaɓi biyu. Za ka iya rubuta lambobi da hannu, kamar 50000 da 70000, ka riƙa canza su idan ka ga dama. Ko kuma ka bar fomula ta yi maka lissafin, wanda shi ne abin da na fi so ga bayanan da ake ƙara wa sabon layi kowane mako.

A E2: =FLOOR(MIN(B2:B53)*0.98,E4)

A E3: =CEILING(MAX(B2:B53)*1.02,E4)

Fomular farko tana ɗaukar farashi mafi ƙasa, ta rage masa kashi 2 cikin ɗari, sannan ta sauko da shi zuwa cikakkiyar lamba da 5,000 ke raba ta. Da 52,000 za ka sami 50,960, FLOOR ta mayar da ita 50,000. Ta biyu tana yin akasin haka: 68,500 ta zama 69,870, CEILING ta ɗaga ta zuwa 70,000. Amfanin kashi 2 ɗin shi ne kada layi ya manne da rufin zanen a makon da farashi ya faɗa daidai kan 70,000. A irin wannan mako iyakar za ta koma 75,000 da kanta.

Gargaɗi biyu a nan. Idan bayananka suna iya sauka ƙasa da sifili, kamar lissafin riba da asara, ninkawa da 0.98 zai tura iyakar ƙasa zuwa sama maimakon ƙasa, don haka sai ka cire wani adadi kai tsaye, misali =FLOOR.MATH(MIN(B2:B53)-1000,E4), fomular da take samuwa daga Excel 2013 zuwa gaba. Na biyu, wanda kwamfutarsa take da Excel na Faransanci, kamar yadda ya yawaita a ofisoshin Maradi da Zinder, zai rubuta PLANCHER a madadin FLOOR, PLAFOND a madadin CEILING, ya raba sassan fomula da alamar ; maimakon waƙafi, ya kuma rubuta 0,98 da waƙafi. Umarnin VBA da ke tafe kuwa ba ya canzawa da harshen Excel.

Mataki na 3: Raɗa wa zanen suna

Excel yana kiran zane Chart 1, Chart 2, haka har gaba, kuma idan ka goge zane ka sake fitar da wani lambar tana ƙaruwa, ta yadda zane ɗaya tilo a shafi zai iya kasancewa Chart 7. Ka danna gefen zanen sau ɗaya, ka dubi ɗan akwatin suna da ke hagu da layin fomula, ka share abin da ke ciki, ka rubuta ZanenFarashi, ka danna Enter. Idan ba ka danna Enter ba sunan bai zauna ba. Don tabbatarwa, Alt+F10 a Windows yana buɗe jerin duk abubuwan da ke kan shafin da sunayensu.

Kada ka sa haruffa masu ƙugiya a sunan zane ko na shafin da makiro zai ambata. Tagar rubuta VBA ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, tana mayar da su alamar tambaya, sai sunan da ke cikin umarni ya saɓa da na shafin. A cikin gurabe ka rubuta Hausarka yadda ta dace, amma a cikin umarni "kasa" za mu rubuta, mu haƙura da ƙugiyar.

Mataki na 4: Rubuta makiron

Danna Alt+F11 tagar VBA ta buɗe. A Mac, ko a kwamfutar da maɓallan F ɗinta suke aikin ƙara sauti da haske, ka bi ta shafin Developer ka danna Visual Basic. Idan ba ka ga Developer ba, a Windows ana kunna shi ta File, Options, Customize Ribbon. A cikin tagar ka zaɓi Insert, sannan Module, ka rubuta wannan a farin filin da ya bayyana:

```
Sub SaitaIyaka()
    Dim sh As Worksheet, ax As Axis
    Dim kasa As Double, sama As Double, tazara As Double

    Set sh = ThisWorkbook.Worksheets("Farashi")
    If Application.WorksheetFunction.Count(sh.Range("E2:E4")) < 3 Then Exit Sub

    kasa = sh.Range("E2").Value2
    sama = sh.Range("E3").Value2
    tazara = sh.Range("E4").Value2
    If kasa >= sama Or tazara <= 0 Then Exit Sub
    If (sama - kasa) / tazara > 50 Then Exit Sub

    Set ax = sh.ChartObjects("ZanenFarashi").Chart.Axes(xlValue)
    If ax.MinimumScale = kasa And ax.MaximumScale = sama _
        And ax.MajorUnit = tazara Then Exit Sub

    If kasa < ax.MaximumScale Then
        ax.MinimumScale = kasa
        ax.MaximumScale = sama
    Else
        ax.MaximumScale = sama
        ax.MinimumScale = kasa
    End If
    ax.MajorUnit = tazara
End Sub
```

Ainihin aikin layuka uku ne kawai, MinimumScale da MaximumScale da MajorUnit. Sauran duk masu gadi ne, kuma kowannensu wata matsala ce ta haifar da shi. Layin Count yana ƙirga guraben da suke ɗauke da lamba ta gaskiya, ya tsallake gurbin da babu komai, da mai rubutu, da mai kuskure irin #DIV/0!, idan ba su cika uku ba makiron ya koma ba tare da ya taɓa zanen ba. Za ka ga wasu suna amfani da IsNumeric a wannan gurbi, amma ita tana ɗaukar gurbin da babu komai a matsayin lamba, sai iyakarka ta faɗi sifili ba ka sani ba. Layin da ke raba nisan ma'auni da tazara yana kare ka daga kuskuren yatsa: ranar da na rubuta 5 maimakon 5000, Excel ya shiga zana layuka dubu huɗu a zane ɗaya, kwamfutar ta tsaya cik na ɗan lokaci. Layin da ke kwatanta sababbin lambobi da na yanzu yana hana makiron taɓa zanen idan babu abin da ya canza, wanda hakan yake rage yawan lokutan da za ka rasa damar Ctrl+Z.

Sashen If da Else na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa. A ce ma'auni yana kan 50,000 zuwa 70,000, sai ka sauya bayanai zuwa farashin shinkafa da ke buƙatar 80,000 zuwa 100,000. Idan aka fara sa iyakar ƙasa, na ɗan lokaci za ta zarce iyakar sama da ke kan zanen, abin da ba shi da ma'ana ga ma'auni. Don haka makiron yake dubawa: idan sabuwar iyakar ƙasa tana ƙarƙashin tsohon rufi, ya fara da ita, in ba haka ba ya fara ɗaga rufin.

Mataki na 5: Gwada shi da hannu

Ka koma Excel, ka danna Alt+F8, ka zaɓi SaitaIyaka, ka danna Run. Ma'aunin tsaye ya kamata ya koma 50,000 zuwa 70,000 da layi a kowace 5,000. Idan saƙon kuskure mai lamba 9 ya fito, sunan shafi ne bai dace ba, kuma sau da yawa ɗan fili ne ya ɓuya a ƙarshen sunan. Idan saƙon ya ce ba a sami abu mai wannan suna ba, ka koma mataki na 3. Idan babu saƙo kuma babu canji, ɗaya daga cikin masu gadin ne ya mayar da makiron, sai ka duba ko wani gurbi yana ɗauke da lambar da aka ajiye a matsayin rubutu. Irin wannan lamba takan jingina hagu a gurbinta, da ɗan koren tabo a kusurwa.

Mataki na 6: Sa shi ya riƙa tashi da kansa

A tagar VBA, ɓangaren hagu, za ka ga jerin shafukan fayil ɗin. Ka danna na Farashi sau biyu. Umarnin da ke tafe a nan yake zama, cikin filin shafin kansa. Idan ka sa shi a Module tare da na farko ba zai taɓa tashi ba, kuma ba zai yi maka ƙorafi ba, shi ya sa mutum yake iya ɓata sa'a guda yana neman laifin.

Wanda E2 da E3 ɗinsa fomula ne zai rubuta:

```
Private Sub Worksheet_Calculate()
    SaitaIyaka
End Sub
```

Wanda yake rubuta iyakokin da hannu zai rubuta:

```
Private Sub Worksheet_Change(ByVal Target As Range)
    If Not Intersect(Target, Me.Range("E2:E4")) Is Nothing Then SaitaIyaka
End Sub
```

Bambancin yana da muhimmanci. Worksheet_Change yana farkawa ne idan mutum ya rubuta ko ya liƙa wani abu a gurbi, bai damu da fomular da sakamakonta ya sauya ba. Idan ka haɗa shi da guraben fomula, za ka ƙara farashin sabon mako a B40, E3 ya koma 75,000, zanen kuwa ya tsaya a 70,000. Worksheet_Calculate shi ne mai farkawa duk lokacin da shafin ya sake lissafi. Shi ma yana da sharaɗi: idan an mayar da Calculation Options zuwa Manual a shafin Formulas, sai ka danna F9 kafin komai ya motsa.

Ka gwada ta hanyar rubuta 90000 a ɗaya daga cikin guraben farashi, ka ga rufin ya tashi zuwa 95,000, sannan ka mayar da lambar asali da hannu.

Mataki na 7: Ma'aunin kwance da sauran nau'o'in zane

Kalmar xlValue tana nufin ma'aunin lambobi. Domin ma'aunin kwance ana sa xlCategory, amma iyaka tana aiki a kansa ne kawai idan zanen na ɗigo-ɗigo ne, wato Scatter, ko kuma zanen layi ne da aka saita ma'auninsa a Date axis. Idan abin da ke kwance sunaye ne, kamar Kano, Katsina, Gusau, babu iyakar da za a sa masa, makiron zai tsaya da kuskure. Ranaku a wajen Excel lambobi ne da ake ƙirgawa daga farkon shekarar 1900: 1 ga Janairun 2024 ita ce 45292, 1 ga Janairun 2025 kuma 45658. Wannan ne dalilin da ya sa na yi amfani da Value2 a umarnin, domin tana miƙa lambar ranar kai tsaye. Ka sa ranar farko a F2, ta ƙarshe a F3, ka kwafi makiron da sabon suna, ka canza guraben, ka canza xlValue zuwa xlCategory, ka cire duk abin da ya shafi tazara, ka mayar da 3 na layin Count zuwa 2.

Idan zanen yana da ma'auni na biyu a dama, ana kiransa da Axes(xlValue, xlSecondary). Idan zanen yana zaune a shafinsa shi kaɗai, ana isa gare shi da ThisWorkbook.Charts("sunan shafin") ba tare da ChartObjects ba. A zanen sanduna masu kwanciya, ma'aunin lambobi shi ne na ƙasa duk da cewa sunansa xlValue. Ma'aunin da aka sa wa Logarithmic scale kuma ba ya karɓar sifili ko abin da ya gaza shi.

Zanen sanduna yana buƙatar taka-tsantsan na daban, kuma a ganina bai kamata a yanke masa iyakar ƙasa ba sam. Ido yana auna sanda da tsawonta ne. Idan ma'auni ya fara daga 50,000, sandar 60,000 za ta ninka ta 55,000 a tsawo alhali bambancinsu bai kai kashi 10 cikin ɗari ba. A irin wannan zane ka rubuta 0 a E2, ka bar fomula ta kula da rufi kaɗai.

Mataki na 8: Aika wa wani fayil ɗin

Tun shekarar 2022 Microsoft yake toshe makiro a fayilolin da aka sauko da su daga intanet ko aka karɓa ta imel, a Excel na Windows. Wanda ka aika wa zai ga jan layi a saman shafi, zanen kuma zai tsaya a iyakar da ka bar shi. Sai ya rufe fayil ɗin, ya danna shi da maɓallin dama na linzami, ya zaɓi Properties, ya sa alama a Unblock, ya sake buɗewa. Ka faɗa masa ya yi haka ga fayil ɗin da ya san daga hannunka ya fito kawai, kada ya je Trust Center ya buɗe wa kowane makiro ƙofa, domin ta nan ɓarayin intanet suke shigo da cuta kwamfuta. Idan ka kulle shafin da Protect Sheet, ka tabbata ka sa alama a Edit objects cikin jerin abubuwan da aka yarda da su, in ba haka ba makiron ba zai iya taɓa zanen ba.

Ranar da kake son mayar wa Excel zaɓinsa, ka cire umarnin mataki na 6 tukuna, sannan ka danna Reset a gefen Minimum da Maximum cikin Format Axis.

Idan ba a yarda da makiro a wurin aikinka ba

Akwai ofisoshin da suka hana .xlsm baki ɗaya, akwai kuma shugabannin da a waya kawai suke duba rahoto. A nan dabarar ita ce ka bar ma'auni a Auto, ka tura shi da ɓoyayyen layi. Ka danna zanen da maɓallin dama, ka zaɓi Select Data, sannan Add, ka ba sabon layin E2:E3 a matsayin lambobinsa. Bayan ya bayyana sai ka sa masa No line, ka cire masa ɗigo, ka goge sunansa daga jerin sunayen da ke gefen zane ta hanyar danna sunan sau biyu a jere, ɗaya bayan ɗaya, sannan Delete. Tun da Excel dole ya faɗaɗa ma'auni ya ɗauke duk lambar da ke cikin zane, ko ba a ganinta, guraben naka sun zama masu tura iyaka. Raunin dabarar shi ne faɗaɗawa kawai take yi: tana iya sa zane biyu su yi rufi ɗaya domin a kwatanta masara da gero, amma ba za ta hana ma'auni farawa daga sifili ba idan dokar kashi ɗaya cikin shida ta ce daga sifili, kuma Excel yakan ƙara tazara guda a kan lambar da ka ba shi.

Ga ma'aunin ranaku kuwa ba ka ma buƙatar makiro idan burinka shi ne nuna wani yanki na shekara. Ka buɗe layin C, a C2 ka rubuta =IF(AND(A2>=$F$2,A2<=$F$3),B2,NA()), ka ja ta har C53, ka zana layin C maimakon B. Makonnin da suka fita daga tsakanin ranakun biyu za su zama #N/A, zanen layi kuma ba ya sa ɗigo a kansu. Wurinsu zai ci gaba da zama fili a ma'aunin kwance. Idan filin ya dame ka, ka kunna Filter a kan layin C ka cire alamar #N/A, domin Excel ba ya zana layukan da aka ɓoye sai an umarce shi a Hidden and Empty Cells. Sai dai duk lokacin da ka canza F2 ko F3 za ka danna Reapply a shafin Data kafin zanen ya bi sababbin ranakun.